Wai "hag" zagi ne, ko kawai tsohuwa ake nufi?

Maman Sadik: Assalamu alaikum 'yan gida. Tambaya gare ni ga malaman Turancinmu. Ina aiki a wani gidan kula da tsofaffi nan Manchesta. Akwai wata Baturiya da ta ba tamanin baya, ba ta barin ko-ta-kwana. In shayinta ya huce sai ta mayar, in ka shiga ɗakinta ba ka ƙwanƙwasa ba sai ta wanke ka tas. To wasu 'yan mata biyu da muke aiki tare, in sun fito daga wurinta sai su ce "old hag" su kwashe da dariya. Jiya shugabarmu ta ji, nan take fuskarta ta canza, ta kira su ofis. Ni dai a kunnena kamar a ce "tsohuwar nan" ne. Zagi ne? In zagi ne, nauyinsa ya kai ina?

Ɗan Fagge: Anti ki tabbatar ba runguma suke nufi ba. Mu Hausawa "hug" da "hag" duk baki ɗaya muke fitar da su. In kika ce wa Baturiya ta ba ki "hag" sai dai Allah ya kiyaye.

Maman Sadik: Kai Ɗan Fagge ba ka da dama. Ba runguma a ɗakin nan, ka yarda da ni.

Tsohon Tica: Wa alaikumus salam. Zagi ne, kuma ba ƙarami ba. Wanda ya ce wa mace "hag" abu uku ya ɗora mata a lokaci guda: ta tsufa, ta yi muni, kuma muguwa ce. Na ukun shi ne ƙashin bayan kalmar. In tsufa kawai Bature yake son faɗi, yana da "old woman", yana da "elderly lady" in ladabi yake so. Wannan kuwa tun daga tushenta ba shekaru take nufi ba. Ta bayyana a rubuce-rubucen Ingila tun ƙarni na 13, kuma galibin masana suna ganin guntuwar wata tsohuwar kalma ce, "hægtesse", wato mayya. Danginta suna nan da rai: Jamusawa suna ce wa mayya "Hexe", mutanen Holan suna cewa "heks". Don haka Maman Sadik, in kina son ki ji nauyinta a kunnen Bahaushe, ki ajiye "tsohuwa" gefe. Ki ɗauko "tsohuwar najadu" ki haɗa da "mayya", kin kusa.

Ɗan Fagge: Malam, da girmanka, amma nan ban bi ka ba. Yarinyar da ta gaji da aikin dare ta ce "old hag", kana ganin ta san wani ƙarni na 13? Haushi ta ji ta furzar. Mu ma nan muna cewa "ɗan iska", wa yake tuna iskoki in ya faɗa? Asalin kalma daban, abin da mai magana yake nufi daban. Ku malamai kuna son tono kabarin kalma ku ce ga laifinta.

Ɗalibar Adabi: Yaya Ɗan Fagge, maganarka tana da ƙafa a kan kalmomi da yawa, amma ba a kan wannan ba. "Ɗan iska" ta rabu da iskoki. "Hag" ba ta taɓa rabuwa da mayya ba, domin ana sabunta auren kullum. Ɗan Bature tun yana shekara huɗu ake karanta masa tatsuniyar tsohuwa mai ƙugiyar hanci da haƙori ɗaya, mai gida a tsakiyar daji, mai dafa yara. Duk ƙarshen Oktoba lokacin bikin Halowin shaguna cike suke da fuskarta ta roba. Ya shiga sakandare a ba shi wasan kwaikwayon Macbeth, inda shi Macbeth ɗin da bakinsa ya kira mayun nan uku da wannan kalma. Yarinyar ba ta buƙatar sanin tarihi. Hoton yana kanta tun kafin ta iya rubuta sunanta.

Tsohon Tica: Allah ya yi miki albarka, kin rage mini aiki. Bari in ƙara, tunda kin ambaci Macbeth. Shakespeare ya rubuta shi wajen 1606, zamanin Sarkin Ingila James na ɗaya, mutumin da shi da kansa ya wallafa littafi a kan mayu a 1597, kuma a mulkinsa aka tsaurara dokar maita a 1604. Ba wasan yara ba ne a lokacin, rataya ake yi.

Maman Sadik, daga inda kike zuwa Pendle ba wata tafiya ba ce, arewa da ke kaɗan a yankin Lankasha. A watan Maris na 1612 wata yarinya mai suna Alizon Device ta haɗu da wani ɗan koli a hanya, ta nemi ya ba ta allurai, ya ƙi kwance kayansa. Bai yi nisa ba ya yanke jiki ya faɗi, ɓarin jikinsa ya mutu. Yau da an ce shanyewar ɓarin jiki ce an wuce wurin. A lokacin sai aka ce yarinyar ce. Da aka matsa mata sai zancen ya hau kan kakarta, wata makauniyar tsohuwa mai kimanin shekara 80 da ake yi wa laƙabi da Demdike, da wata tsohuwar abokiyar gabarta da ake kira Chattox. Dukansu matalauta ne, bara suke yi, suna ɗan ba da maganin mutum da na dabba. Demdike a kurkukun Lankasta ta mutu kafin a zauna shari'a. A watan Agusta aka ɗora jikarta, 'yar shekara tara, a kan tebur a gaban alƙali, ta ba da shaida a kan uwarta da yayanta. Mutum goma aka rataye.

Ku lura da yadda abin ya faro: roƙo, hani, sannan tsautsayi. Masana tarihin Ingila sun ga wannan zubi yana maimaita kansa a shari'u masu yawa. Tsohuwa marar miji, marar ɗa mai ƙarfi, ta zo ƙofarka neman madara, ka kore ta, ta tafi tana gunaguni. Bayan mako saniyarka ta mutu. Zuciyarka dama tana cizonka kan korar da ka yi mata, to maimakon ka ɗauki laifin sai ka juya shi, ita ce muguwa. A Turai gaba ɗaya ana ƙiyasta an kashe tsakanin mutum 40,000 zuwa 60,000 da sunan maita, kusan kashi uku cikin huɗu mata. A watan Maris na 2022 shugabar gwamnatin Sikotilan ta lokacin, Nicola Sturgeon, ta fito ta nemi gafara a hukumance kan kimanin mutum 4,000 da aka tuhuma a ƙasar ƙarƙashin dokar maita ta 1563. Ɗan Fagge, kabarin da ka ce ina tonowa, masu shi ma ba su gama rufe shi ba.

Ɗan Fagge: Na ji tarihi Malam, kuma ya girgiza ni, musamman yarinyar nan a kan tebur. Amma har yanzu ina nan kan bakana: 'yan matan nan ba rataye kowa za su yi ba.

Nas Mai Dare: Ku ɗan ba ni wuri in sako wani abu da zai ba ku mamaki. Kun san dannau? Ka farka cikin dare, idonka biyu, kana jin komai, amma ko yatsa ba ka iya ɗagawa, kamar an ɗora maka buhu a ƙirji. A tsibirin Niyufanlan na Kanada sunan abin nan "Old Hag". Su a wurinsu tsohuwa ce take zuwa ta zauna a ƙirjin mutum. A tsohon Turanci ma in an ce mutum "hag-ridden" ne, ana nufin mayya ta yi sukuwa a kansa cikin dare, ya tashi a wahale. A asibiti bayanin ba wuya: lokacin da mutum yake mafarki ƙwaƙwalwa tana kashe motsin gaɓoɓi don kada ya tashi ya aikata abin da yake gani. Wani lokaci sai hankali ya riga jiki farkawa da 'yan daƙiƙu ko mintuna. Rashin isasshen barci da kwanciyar rigingine suna ƙara kawo shi, mu masu aikin dare mun san shi sarai. Abin da ya tsaya mini shi ne, mu muka ce aljani ne, su suka ce tsohuwa ce.

Ɗalibar Adabi: Har kifi ba su bari ba. Akwai wani mai kama da maciji a ƙasan teku, ba shi da muƙamuƙi, mushe yake ci, in an taɓa shi ya fitar da yauƙi cike da bokiti. Sunansa "hagfish".

Tsohon Tica: Tunda an zo kan mushe, 'yar'uwar kalmar ita ce "crone", tsohuwa da ta yamushe. Ta shigo Turanci ne daga wata kalmar tsohon Faransanci mai nufin mushe. Sai "old bag", da "old bat", da "battle-axe", wato gatarin yaƙi, ga mace mai faɗa. "Biddy" ta fi sauƙi, tsohuwa mai surutu da sa ido. Gargaɗi ga ɗalibai: "haggle", wato ciniki, ba ruwanta da wannan gida, kada wani ya ji tsoron faɗinta a kasuwa.

Hajiyar Landan: Na daɗe ina karanta ku ban tanka ba. Ɗan Fagge ƙanena, zo nan. Gaskiyarka, ba wanda za a rataya. Amma ni da na yi shekaru a ƙasar nan abin da nake so ka duba shi ne wa ake jifa da kalmar, kuma yaushe. Tsohuwar da take zaune a lungu tana saƙa tana murmushi ba a ce mata "hag". Ita "sweet old lady" ce, ana sonta. Ranar da ta ce shayin nan ya huce, ko ta ce ba ku gyara gadon daidai ba, ranar ake tuna ta tsufa kuma ta yi muni. Koma ka karanta yadda Maman Sadik ta siffanta matar. Laifinta nawa? Tana son a ƙwanƙwasa kafin a shigo mata ɗaki.

Kuma ba sai mace ta kai tamanin ba. Shiga intanet ka gani, 'yar shekara arba'in ma ana ce mata haka in ta faɗi abin da ba a so. Mary Beard farfesa ce ta tarihin Rum da ta yi ritaya daga jami'ar Kambirij a 2022, ta ƙi rina furfurarta. A 2012 wani mai sharhin talabijin ya rubuta cewa bai kamata a bar ta kusa da kyamara ba. A farkon 2013 ta yi magana kan baƙin haure a wani shirin BBC, sai aka yi mata ca, ba a kan hujjarta ba, a kan gashinta da haƙoranta. A Ostireliya a 2011 masu zanga-zanga sun ɗaga kwalaye suna kiran Firaminista Julia Gillard mayya, jagoran adawa yana tsaye a gabansu yana jawabi. Da tsohuwar Firaministar Birtaniya Margaret Thatcher ta mutu a Afrilun 2013, masu ƙinta suka yi ta sayen wata tsohuwar waƙar fim mai murnar mutuwar mayya har ta kai ta biyu a jerin waƙoƙin ƙasar. Ni ba masoyiyar Thatcher ba ce, mutanen garuruwan haƙar kwal suna da dalilinsu na ƙinta. Amma da namiji ne da sun kira shi azzalumi, wato su zagi aikinsa.

Ɗan Fagge: Hajiya ai maza ma ba su tsira ba. Ina "old goat"? Ina "geezer"?

Hajiyar Landan: Auna su ka gani. "Old goat" tsoho ne mai bin mata, wato ko a zagin an yarda da sauran ƙarfinsa. "Geezer" da "codger", wato tsoho, har da wasa ake faɗinsu, mutum zai iya kiran kansa haka a gaban surukansa. Namiji ya yi furfura a ce masa "silver fox", yabo ne. Kai har namijin mayya ma, "wizard", in an ce wane "wizard" ne a kwamfuta ana nufin gwani. A Disambar 2007 wani shahararren mai shirin rediyo a Amurka, Rush Limbaugh, ya tambayi masu sauraronsa ko ƙasar za ta so ta zauna tana kallon mace tana tsufa a gabanta kullum. Hillary Clinton yake nufi, tana da shekara 60. John McCain da yake neman kujerar shugaban ƙasa kamar ita yana da 71.

Alhaji Na Maraɗi: Alhamdu lillahi da Allah ya yi mu Musulmi kuma Hausawa. Su da suke kai iyayensu gidan tsofaffi ai dole su sami sunan da za su kira su. Mu a wurinmu "tsohuwa" girma ce. Mutum ya ce "tsohuwata" yana nufin wadda ta haife shi. Jika ya tsokani kakarsa ya ce tsohuwa mai ran ƙarfe, ta bi shi da carbi, kowa na dariya. Tsohuwar zuma ma ai da ita ake magani.

'Yar Zangon Tamale: Alhaji, Allah ya ƙara girma, amma ka yi haƙuri in ɗan taɓa ka. Kakarka tana da girma saboda kakarka ce, tana da 'ya'ya da jikoki da za su tsaya mata. Tambayar ita ce tsohuwar da ba ta da kowa. Nan arewacin Gana akwai sansanonin da matan da aka kora daga garuruwansu da sunan maita suke zaune, Gambaga, Kukuo, Gnani. Na je Gambaga da idona. Yawancinsu tsofaffi ne, da yawa mazansu sun mutu. Sai ka ga mace ta tsufa tana tsintar hatsin da ya zube a kasuwa. A watan Yulin 2020 a Kafaba, kusa da Salaga, aka yi wa wata tsohuwa 'yar shekara 90 duka har ta mutu, mutane sun kewaye suna kallo, wani yana ɗauka a waya. Majalisa ta zartar da dokar hana zargin maita a 2023, shugaban ƙasa na lokacin bai sa hannu ba. Labarin da Malam ya bayar na 1612, canza sunaye kawai za ka yi.

Alhaji Na Maraɗi: Wannan ai ba Hausawa ba ne 'yata.

'Yar Zangon Tamale: Sansanonin ba namu ba ne, gaskiya. Amma Alhaji, a unguwar da ka tashi ba a taɓa hana ku karɓar abinci daga hannun wata tsohuwa ba? Ba a taɓa cewa yaro ya kama sunan wance cikin zazzaɓi, a je a sa ta tsallaka shi ba? Wa aka taɓa kamawa da kurwar yaro, matar mai unguwa ko 'yar tsohuwar da take zaune ita kaɗai a ƙarshen layi?

Ɗalibar Adabi: Kuma "guzuma" fa? Tsohuwar saniya ce fa, muke ɗora wa mace. Bazawara ta haura talatin da biyar a ce guzuma. Alhaji mai saba'in ya auri 'yar sha takwas a ce ango.

Alhaji Na Maraɗi: To, kun taru a kaina. Ni dai abin da na sani addini bai yarda da ko ɗaya ba.

Tsohon Tica: A nan kam ba mai ja da kai Alhaji.

Mai Fassara: Malam ni matsalata ta sana'a ce, fassarar fina-finai nake yi. Kalmar nan tana yawan fitowa. In na sa "mayya" sai mai kallo ya ɗauka da gaske matar tana cin mutane, alhali surukar jarumin ce kawai. In na sa "tsohuwa" kuma zafin ya tafi. Sannan kwanan nan na ga wata mata a wani shiri tana kiran kanta da kalmar tana dariya. Nan kuma me zan sa?

Hajiyar Landan: Wannan na ƙarshen sabon yayi ne, ko da yake ya ɗan kwana biyu. Tun shekarun 1970 wasu 'yan gwagwarmayar mata a Amurka, irin su Mary Daly, suka ce za su ƙwace kalmar su mai da ita abin alfahari: macen da ta wuce shekarun neman burge kowa, ba ta tsoron a ce ba ta da kyau. A 2023 wata marubuciya 'yar Ingila, Victoria Smith, ta fitar da littafi sukutum da wannan suna a kan yadda ake tsangwamar mata masu matsakaicin shekaru. Ƙawayena Turawa in mun zauna sukan ce "mu hags", a yi shewa. Ni ban cika yarda abin yana aiki ba. Farfesa mai albashi da gidan kanta tana iya wasa da kalmar. Wadda take kwance sai an juya ta a gado, in an faɗa mata, ma'anar nan ta dā ce take isa kunnenta. Doka ɗaya ce dai ba ta canzawa: ita ta faɗa wa kanta, kai kada ka faɗa mata, ko da ka ji ta faɗa minti ɗaya da ya wuce.

Tsohon Tica: Mai Fassara, kada ka nemi kalma ɗaya ka ɗaure ta a ko'ina. In tatsuniya ce, da tukunya da tsintsiya, sa "mayya" kai tsaye. In suruka ce ko maƙwabciya, "tsohuwar najadu" ko "tsohuwar banza". In budurwa ce take gaya wa kishiyarta don ta nuna mata ta kwana biyu, "guzuma" ta fi zama. Mai kiran kanta kuwa, ba ta "mu tsofaffin najadu" ka bar dariyarta ta yi sauran aikin.

Barista: Ƙarin bayani ga masu aiki a Birtaniya, tunda muna da su da yawa a nan. Dokar daidaito ta 2010 ta sa shekaru da jinsi cikin abubuwan da ba a yarda a muzanta mutum a kansu ba, kuma kalmar nan ta taɓa duka biyun. A gidan kula da tsofaffi abin ya fi tsanani, domin zagi ko wulaƙanta wanda kake kula da shi yana shiga babin cutarwa, kuma hukumar CQC mai sa ido a kan gidajen nan a Ingila tana duba yadda ake kiyaye mutuncin mazauna. Kada ka faɗa, kada ka maimaita ko da wasa, kada ka tura a guruf ɗin ma'aikata na WhatsApp. Wanda bizarsa take rataye da aikinsa ya fi kowa sanin abin da kora take nufi.

Ɗan Fagge: To ni dai na sauka daga rabin maganata, rabin kuma ina riƙe da shi. Har gobe ina ganin gajiya ce ta sa yaran nan, albashin aikin nan ba yawa, dare ba barci. Amma Hajiya, tambaya tsakani da Allah: in tsohuwa da gaske muguwa ce fa? Akwai su ai. Me zan kira ta?

Hajiyar Landan: Ka ce muguwa ce. Ka faɗi abin da ta yi. Shekarunta da fuskarta me suka yi maka?

Ɗan Fagge: Shi ke nan, zan gwada a kan gwaggona in ta zo karɓar kuɗin adashi ranar Juma'a.

Nas Mai Dare: Ka dai tanadi kuɗin tukuna.